Whitby ko Exmoor, ina ya fi dacewa a je in sanyi ya saki a Ingila

Ƙanwar matata da ke karatu a Bradford ce ta ja min wannan dogon rubutun. Ta kira ni wai Yaya don Allah ita da ƙawayenta uku sun gaji da zaman ɗaki, sanyi ya fara saki, suna so su fita su ga teku da tsauni kafin jarabawa ta taso, wani ya ce musu su je Whitby wani kuma ya ce ai Exmoor ta fi, to wanne za su ɗauka. Na ce mata ki bari in zauna in rubuta miki, wannan ba maganar waya ba ce, kuma dai ba ke kaɗai ke wannan tambayar ba, duk shekara da an shiga Maris sai wani cikin mutanenmu ya yi min ita. Na je dukkansu biyun, ɓangaren Whitby ya fi sau biyar, Exmoor sau biyu, don haka in kun ga na fi sakin baki a kan ɗaya kun san dalili.

Wuraren biyu iri ɗaya ne a fasali. Tudu ne mai faɗi wanda babu bishiyoyi a samansa sai wani ɗan guntun tsiro da suke kira heather da tumaki, sai kwaruruka masu rafi da daji a ƙasa, sai kuma tudun ya je ya yanke a bakin teku kamar an sare shi da gatari. Na arewa shi ne North York Moors, a arewa maso gabashin Ingila, an mai da shi gandun ƙasa a 1952, faɗinsa murabba'in mil 554, garuruwan bakin tekunsa su ne Whitby da Robin Hood's Bay da Staithes, Scarborough kuma tana gefensa ta kudu. Na kudu shi ne Exmoor, tsakanin Somerset da Devon, tun 1954, bai kai rabin na arewan ba don murabba'in mil 267 ne, ƙofarsa garin Minehead, cikinsa kuma Porlock da Lynton da Lynmouth da Dunster. Shiga gandun kyauta ne duka biyun, babu geti babu mai tikiti, abin da za ka biya fakin ne da tsofaffin gine-gine da jiragen ƙasa na yawon buɗe ido.

Abu na farko da nake faɗa wa kowa, don ni ya ci ni: hoton nan da ake gani na tudu ya zama shunayya tun daga gabanka har inda ido ya tsaya, ba na wannan lokacin ba ne. Heather sai Agusta zuwa farkon Satumba take fure. Zuwana na farko cikin Afrilu ne, na kwashi iyali na cika su da labari tun daga Leeds, muka hau tudun muka tarar da shi ruwan ƙasa kamar gonar da aka girbe aka bari, uwargida ta dube ni ta dubi tudun ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. To duk wanda shunayyar nan yake so ya ajiye kuɗinsa sai ƙarshen damina irin tasu. Abin da ake zuwa gani daga Maris zuwa Mayu daban ne, furannin kwari ne, da 'yan raguna sabbin haihuwa, da tsuntsaye, da bukukuwan gargajiya, da kuma rana da ke daɗewa ba ta faɗi ba, don a Mayu sai wajen ƙarfe tara ake magariba. Mu kan ce bazara in muna nufin wannan lokacin nasu amma kar sunan ya ruɗe ka, babu ruwansa da zafin bazararmu, da jaket ɗinka za ka yini.

Yanzu ga abin da a ganina yake yanke hukuncin tun kafin a zo maganar kyau: kana da mota ko ba ka da ita. In ba ka da mota, ɓangaren Whitby ya yi wa Exmoor fintinkau. Daga Landan jirgin ƙasa ya kai ka York cikin kamar awa biyu, daga York zuwa Scarborough bai kai awa ɗaya ba, daga nan akwai bas mai lamba X93 da ke bin gaɓar teku ta Robin Hood's Bay ta Whitby har Middlesbrough. Akwai kuma bas 840 da ke tasowa daga Leeds ta York ta Pickering ta haye saman tudun ta Goathland ta sauka Whitby, tafiyar ta haura awa uku amma in ka samu kujerar gaba a bene wallahi ita kanta tafiyar yawon ce, ba ka buƙatar komai kuma. Daga Middlesbrough ma akwai ƙaramin jirgi da ke bin kwarin Esk zuwa Whitby, sai dai sawunsa kaɗan ne a rana, a duba lokaci. Exmoor kuwa babu jirgin ƙasa na yau da kullum da ke shiga cikinta. Daga tashar Paddington za ka sauka Taunton cikin ƙasa da awa biyu, ka hau bas 28 zuwa Minehead, wannan babu matsala, amma daga Minehead ka ce za ka shiga ciki, Tarr Steps ko Dunkery ko Lynmouth, nan ne za ka gane kurenka, bas ɗin ƙauye ne wanda yau akwai gobe babu, ran Lahadi kuma sai addu'a. Don haka mutumin Leeds, Bradford, Sheffield, Hull, Newcastle, Manchester, ga ta kusa da ku. Mutumin Bristol, Cardiff, Birmingham, Exeter mai mota, Exmoor ta fi muku sauƙi, daga Bristol kamar awa ɗaya da rabi ne zuwa Minehead. 'Yan Landan ne a tsakiya, su sai su zaɓa da abin da ke tafe.

Mai motar ma ga gargaɗi. Akwai wani hawa da ake kira Porlock Hill a kan hanyar A39 in ka baro Porlock za ka Lynmouth, a wani wurin duk mita huɗu da ka yi gaba ka hau mita ɗaya, ga kwana mai kaifi a tsakiyar hawan. Na shige shi da tsohuwar motata mai giyar hannu, mu biyar da kaya, na makara ban sauko giya ɗaya ba, motar ta tsaya cak a kwanar ta fara tunanin komawa baya, ga wani a bayana, warin kuloci ya cika motar yara suna ta salati. Da kyar muka haye. Daga baya na ji ashe akwai wata hanyar ta gefe da ake biyan ɗan kuɗi, mai sauƙin hawa, ta cikin daji, wadda masu jan tirela ke bi. In ba ka saba tuƙin tsauni ba bi waccan, babu abin kunya. Kuma hanyoyin cikin Exmoor da yawa faɗin mota ɗaya ne da shinge dogo hagu da dama, in kun haɗu da wani dole ɗaya ya yi ribas zuwa inda aka ɗan buɗa. Arewa ma akwai hawa masu tsauri, irin su Sutton Bank, amma manyan hanyoyinta sun fi buɗewa.

Sai bukukuwa, kuma nan ne Exmoor take rama abin da aka yi mata. A Minehead akwai abin da suke kira Hobby Horse, daga daren 30 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu duk shekara. Sunan doki ne amma ba doki ba ne, wani katako ne mai siffar kwalekwale da mutum ɗaya ke ɗauka a kafaɗa, an lulluɓe shi da ƙyalle mai zanen da'ira kala-kala har ƙasa, an cika samansa da tsummoki da ribon, kan mutumin ya fito ta tsakiya da fuskar dodo da doguwar hula, ga jela ta igiya a baya yana kaɗa ta. Yana tafe yana juyi yana tsalle yana kai wa mutane bara, masu ganga da masu akodiyon na biye da shi, ana karɓar kuɗi a hannun jama'a don sadaka. Ni da na gan shi abin da ya faɗo min a rai tashe ne, sak, kiɗa a titi da shigar ban dariya da bin mutane a ba da na goro, har da al'adar cewa wanda ya ƙi bayarwa a da akan kama shi a ɗan taɓa shi da takalmi. Ranar 1 ga Mayu da asuba suke fita zuwa wata mararraba a bayan gari da ake kira Whitecross don tarar fitowar rana, kuma a cikin kwanakin sukan taka har Dunster. Abin da ya burge ni shi ne ba don baƙi ake yi ba, babu dandamali babu tikiti babu mai lasifika yana bayani, mutanen gari ne ke abinsu, kana jin ganga daga nesa ka bi sautin har ka same su. Illarsa kuma ita ce wannan ɗin dai, ranakun ba sa matsawa don su dace da wiken, in 1 ga Mayu ta faɗo Talata to Talatar ce, ɗalibi mai lakca ko mai aikin shifti sai ya yi lissafi.

Na biyu a Combe Martin ne, can ƙarshen Exmoor ta yamma, a wiken ɗin hutun banki, wato hutun ƙasa, na ƙarshen Mayu, daga Juma'a zuwa Litinin. Sunansa Hunting of the Earl of Rone, wato farautar wani basarake. Labarin da ake bayarwa shi ne wai Hugh O'Neill ne, sarkin Tyrone da ya gudu daga Ireland a 1607, jirginsa ya fashe ya ɓuya a dajin garin, kodayake masana tarihi ba su yarda ya taɓa taka wurin ba. Kwana uku mutane cikin jajayen kayan sojan da suna yawo da ganga suna nemansa, ran Litinin su kamo shi a daji, mutum ne cikin kayan buhu da abin rufe fuska, a ɗora shi a kan jaki yana kallon baya, a bi doguwar hanyar garin da shi ana yi kamar an harbe shi ya faɗo a tashe shi a sake ɗorawa, har a kai bakin teku da yamma a jefa mutum-mutuminsa cikin ruwa. An taɓa hana bikin a 1837 saboda shaye-shaye da rigima, sai a shekarun 1970 aka dawo da shi. Shaye-shayen bai ɓace duka ba, gaskiya, ayarin yana tsayawa a gidajen giya, don haka mai yara ya kalli na rana ya kama gabansa. Ga 'yan uwa Kirista kuma, akwai babban taron Spring Harvest da ake yi a sansanin Butlin's na Minehead lokacin Ista, mutane dubbai, wanda ke nufin ko ba taron ya kawo ka ba ka san garin zai cika a makon.

Whitby nata bikin da ya fi suna na wani irin ne daban. Goth Weekend, an fara shi a 1994, sau biyu a shekara, na farkon yawanci wajen ƙarshen Afrilu. Mutane ne ke zuwa daga ko'ina cikin baƙaƙen kaya irin na zamanin Sarauniya Victoria, doguwar hula, leshi, fuska an shafe ta fari fat, kwalli har kunne, wasu da sanda wasu da laima baƙa, tsofaffi da matasa har da jarirai a keke an yi musu shigar. Garin ya samu wannan ne saboda wani tsohon littafin labarin mai shan jini da aka kafa wani ɓangarensa a nan. Da dare kiɗa ne a zaure da tikiti, wannan ba namu ba ne, amma da rana titi kyauta ne kuma mutanen suna da fara'a fiye da yadda shigarsu ta nuna, in ka nemi hoto cikin ladabi za su tsaya. Wata dattijuwa cikin baƙin mayafi har ƙasa ta tsayar da matata tana yaba abayarta, wai a ina ta saya, muka yi ta dariya a mota. Sai dai a wannan wiken ɗin ɗakin kwana a Whitby sai wanda ya kama tun watanni, kuma kuɗin ya ninka, gara ka kwana Scarborough ka shigo da bas. In kuma kana ganin abin zai tsorata yara ko bai kwanta maka ba, kauce wa ranakun kawai.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a Whitby da ni ya fi min Goth ɗin daɗi, Penny Hedge. Ana yin sa da safiyar jajiberin ranar da Kirista ke tunawa da hawan Annabi Isa sama, kullum Laraba ce, yawanci cikin Mayu. Mutum biyu ne ko uku za su sauka cikin laka a gefen gabas na tashar jiragen ruwa lokacin da teku ya janye, su kafa 'yan sanduna su saƙa ɗan shinge, a busa ƙaho a yi kira sau uku, shikenan an gama, bai fi rabin awa ba. Labarin wai a 1159 wasu mafarauta uku suka biyo gursunu ya shige ɗakin wani mai ibada, ya hana su, suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, kafin ya cika ya yafe musu bisa sharaɗin duk shekara su da zuriyarsu za su kafa shingen da zai jure cikowar teku sau uku, da wuƙar kobo ɗaya. Ba abin da za ka taso daga Landan dominsa ba ne, amma in kana garin ka leƙa. A watan Mayu kuma sukan yi bikin kifi da jiragen ruwa, Fish and Ships, rumfunan abinci da masu nuna yadda ake gyaran kifi da kaguwa, wannan ya fi dacewa da iyali.

To in bikin gargajiya na asali kake so, wanda za ka ba da labarinsa a gida, Exmoor. In kallon jama'a da cika da hayaniya kake so, Whitby.

Wajen fure arewa ce gaba a wannan lokacin. Kwarin Farndale, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, dafodil na daji rawaya shar sun rufe bakin rafin Dove hagu da dama, hanya ce shimfiɗaɗɗiya daga Low Mill zuwa Church Houses, zuwa da dawowa kamar mil uku da rabi, har tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya in an bi a hankali. Ba a tsinka, doka ce, a ja wa yara kunne tun a mota. Shi wannan sai da mota, kuma ran Lahadi mai rana fakin ɗin kan cika tun hantsi. A farkon Mayu kuma dajin da ke gindin Roseberry Topping, wani ɗan tsauni mai tsini mita 320, yakan rufe da shuɗin furen bluebell. Exmoor tana da nata kwarin farin fure kusa da Wheddon Cross amma na Fabrairu ne, kafin ka zo ya wuce, sai dai dazukanta na bakin rafi a Mayu kore ne da ban taɓa ganin irinsa ba.

Wajen dabbobi kuma Exmoor ce ba tantama. Tana da ƙananan dawakinta na daji masu launin ƙasa da farin baki kamar sun tsoma shi a gari, suna yawo a sake a kan tudu, a wannan lokacin ne suke haihuwa, za ka ga ɗan duƙushi yana bin uwa a gefen titi. Ba a ba su abinci ba a taɓa su, suna cizo suna harbi. Akwai jajayen barewa manya, garke-garke, su sai da sassafe ko dab da magariba kuma sai mai haƙuri. Sai awakin da ke Valley of Rocks, mil ɗaya daga Lynton ta wata siririyar hanya da aka sassaƙa a jikin dutse teku na can ƙasa, awaki ne da suka koma daji, gashi buzu-buzu da manyan ƙaho, suna tsaye a inda kai ko kallo ba ka iya yi, ɗana ya tambaye ni wai na wane ne kuma wa zai yanka su da Sallah. Arewa abin da take da shi tsuntsaye ne masu ƙwai a ƙasa cikin heather, shi ya sa daga Maris zuwa Yuli ake so ka tsaya a kan hanya kar ka kutsa. Mai son tsuntsun teku sosai sai ya gangara kudu da Filey zuwa Bempton Cliffs, ba cikin gandun yake ba amma kusa ne, daga Afrilu zuwa Yuli dutsen fari yake da tsuntsaye har da puffin mai jan baki.

Tafiyar ƙafa duka biyun ba a magana. Wadda na fi so a arewa ita ce daga Whitby zuwa Robin Hood's Bay, ka hau matakala 199 zuwa kangon Whitby Abbey, wurin ibadar da aka fara kafawa a shekarar 657, ka kama hanyar Cleveland Way a saman gaɓa teku na hagunka, kamar mil bakwai, awa uku ba gaggawa, ka sauka cikin ƙauyen masunta mai lunguna kamar na tsohon birni, ka sha shayi ka hau X93 ka dawo. Wannan dawowar da bas ita ce Exmoor ba ta iya ba ka cikin sauƙi. Mai keke akwai Cinder Track, tsohon layin dogo daga Scarborough zuwa Whitby da aka rufe a 1965, kamar mil 21, babu mota. In teku ya janye a Robin Hood's Bay yara na tsintar duwatsu masu siffar dodon koɗi a naɗe, halittun da suka daskare tun zamanin da, mutanen wurin a da cewa suke macizai ne da waliyyiyarsu Hilda ta mayar dutse. A Exmoor hawa da sauka sun fi tsanani, nan ne hanyar South West Coast Path mai mil 630 take farawa daga Minehead, kuma dutsen Great Hangman kusa da Combe Martin fuskarsa mita 244 ce zuwa ruwa. Masu sauƙin su ne Lynmouth zuwa Watersmeet, kamar mil biyu a bakin rafi cikin inuwa, da Tarr Steps, gadar manyan falalen duwatsu da aka jera a kan kogin Barle ba siminti ba ƙarfe, da hawa Dunkery Beacon, mita 519, wanda daga fakin ba nisa kuma in gari ya washe har Wales kana hangowa. Tsakanin Lynmouth da ke ƙasa da Lynton da ke sama akwai wani ɗan jirgi tun 1890 da ruwa kawai ke tuƙa shi, a cika tankin na sama ya yi nauyi ya sauko ya jawo na ƙasa, ba inji ba lantarki. A Lynmouth ɗin akwai ɗakin tunawa da ambaliyar Agustan 1952 da ta kashe mutum 34 a dare ɗaya, ka shiga ka ga hotunan sai ka sake kallon ɗan rafin nan da wani ido. Jirgin ƙasa mai kwal da hayaƙi kowa na da nasa, Pickering zuwa Whitby a arewa, Bishops Lydeard zuwa Minehead a kudu, na arewan ya fi kyan hanya.

Yanayi: Exmoor ta fi ɗumi amma ta fi ruwa, don ita ke fara karɓar hadarin da ke tasowa daga Atlantika. Arewa ta fi bushewa amma iskar gabas da ke fitowa daga tekun tana shiga ƙashi, kuma akwai wani hazo da kan taso daga ruwa ya rufe Whitby ruf alhali mil biyar a ciki rana ce tar. Ko'ina ka zaɓa, jaket mai hana ruwa, takalmi mai ƙwarin ƙasa wanda ba ka jin tausayinsa, safa ta canji. Wankan teku a cire shi a lissafi, ruwan bai fi digiri tara ko goma ba. Abin da ya fi sanyi haɗari cikowar teku ne, a gaɓar Exmoor bambancin cika da janyewa yana cikin mafi girma a duniya, a Minehead za ka ga ruwa ya tafi har ka ce ya ƙaura sai ga shi ya dawo da gudu, a Robin Hood's Bay kuma yakan zagayo ta bayan mutum ya tsare shi a gindin dutse. A duba jadawalin a waya kafin a sauka, in abu ya faru 999 a ce Coastguard. Cikin ciyawa akwai kaska, a sa dogon wando a duba jiki da dare, akwai kuma wani maciji mai dafi ɗan dangin kububuwa da ke fitowa shan hantsi, ba ya bin mutum in ba a taka shi ba. Kuma don Allah mutanenmu, ban da kunna gawayin gashi a kan tudu, busasshiyar heather kamar fetur take. Netiwok ma yana ɗaukewa a kwari duka biyun, a sauke taswira tun a gida.

Abinci da sallah, nan ma arewa ta fi sauƙi. Akwai masallatai a Middlesbrough da York, Scarborough ma tana da wurin sallah da shagunan halal. A Exmoor in Juma'a ta kama ka sai ka fita zuwa Taunton ko Exeter, cikin gandun kuwa darduma a but ɗin mota da gorar alwala, wuri kam ga shi nan har ya yi yawa. Kifi da dankalin Whitby ya cancanci sunan da ya yi, amma ka tambaya kafin ka saya, da yawa a Yorkshire da kitsen saniya suke suya ba man gyaɗa ba, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya, za su faɗa maka gaskiya in ka tambaya kuma akwai masu man ganye. In ka saya kar ka ci a buɗe a bakin tasha, fararen tsuntsayen tekun nan sun fi shirwa iya fizge, ɗaya ya zo ta bayan kafaɗata ya ɗauke rabin kifina ina riƙe da shi, na bi shi da kallo kawai. A Somerset abin kiyayewa cider ne, sunan kamar lemon tuffa amma giya ce, har cikin miya suna sa ta. Abin da za ka ci hankali kwance shi ne shayinsu na la'asar da burodin scone da kirim mai kauri da jam, a ɓangaren Devon kirim ake fara shafawa kafin jam kuma suna ɗaukar maganar da muhimmanci kamar rikicin gado.

Ita dai ƙanwar tawa na ce mata ku huɗu ba mota, kuna Bradford, kuɗin ɗalibi, babu abin da zai kai ku Exmoor bana. Ku kama ɗaki a Scarborough kwana biyu, ku guji wiken ɗin Ista da na hutun banki biyu na Mayu in kuna iyawa don nan ne farashi ke hauka, rana ɗaya Whitby da tafiyar gaɓa zuwa Robin Hood's Bay, rana ta biyu ku dawo ta bas 840 daga Whitby ku ga saman tudun. Ta ce to Yaya awakin fa, don hotonsu ne ya fara ja mata rai. Na ce awaki sai shekara mai zuwa in Allah ya kai mu, ranar 30 ga Afrilu zan sauka Minehead da iyali don ina so in ga fitar asubar nan da na makara ban gani ba wancan karon, akwai kujera ɗaya a mota, amma ta sani tun yanzu ta hanyar da ake biyan kuɗi za mu bi in mun zo Porlock.